Yadda ake adana tarihin mawaƙin blues bayan ya kwanta dama

A watan Fabrairun 2024 gobara ta cinye wani ɗan gidan katako mai ɗaki uku a ƙauyen Avalon da ke jihar Misisipi ta Amurka. Gidan Mississippi John Hurt ne, manomi kuma makaɗin jita, wanda ya rasu ranar 2 ga Nuwamban 1966, kuma jikanyarsa Mary Frances Hurt ce ta mai da gidan wurin tarihi. Kayan da aka tara a ciki duk sun zama toka. Muryarsa kuwa tana nan, domin waƙoƙi 13 da suka rage daga ɗaukar da kamfanin faya-fayai na Okeh ya yi masa a 1928, da waɗanda aka ɗauka bayan an sake gano shi a 1963, suna hannun mutane da yawa a ƙasashe daban-daban. Duk wanda zai ɗauki nauyin raya sunan mawaƙi irin wannan ya fara da sanin cewa abin da yake ƙwaya ɗaya tak, a wuri ɗaya tak, a bakin halaka yake.

Yawancin tsofaffin mawaƙan blues talakawa ne baƙar fata, 'yan ƙodago a gonakin auduga na kudancin Amurka. Da yawansu sun mutu ba wasiyya, ba takardar haihuwa, wasu ko alamar kabari babu. Bessie Smith, duk da shahararta, ta rasu a 1937, amma sai a 1970 aka kafa dutse a kabarinta, da kuɗin mawaƙiya Janis Joplin da Juanita Green. Aikin nan ba hukuma ke fara shi ba. Iyali ne, da masoya, da ma'aikatan rediyo, da ɗalibai. Kuma yana da jeri: iyali, takardu, dattawa, sauti, kayan kiɗa, kabari, haƙƙin kuɗi, sannan taro. Masu gaggawa sukan fara da taron, alhali shi ne abin da zai iya jira. Tsohuwa mai shekara 90 da ta san mawaƙin tun yana saurayi ita ce ba za ta jira ba.

Iyali kafin kowa

Kada a taɓa kaset, ko hoto, ko jita, sai an san wane ne magaji. A yi ta'aziyya tukuna, a bari a gama zaman makoki, sannan a koma da magana. A nemi sunayen mata da 'ya'ya duka, har da 'ya'yan da aka haifa a wani gari, domin mawaƙan nan matafiya ne kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da gida biyu ko uku. Maganar gadon Robert Johnson, wanda ya rasu a 1938, sai a 1998 kotu ta tabbatar da Claud Johnson a matsayin ɗansa, bayan shekara 60. Yarjejeniyar da aka ƙulla da reshe ɗaya na iyali, aka bar wani a duhu, tana iya rushewa ko bayan an kashe kuɗi.

A rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya da harshe mai sauƙi: me za a ɗauka, aro ne ko kyauta, ranar da za a mayar, wa zai riƙe kwafi, me aka yarda a watsa, me aka hana. Kowane ɓangare ya riƙe nasa. Abin da aka karɓa a lissafa shi ɗaya bayan ɗaya a gaban mai gida, a ɗauki hotonsa a nan take.

Akwai wani abu da baƙo ba ya gani da wuri. A gidaje da yawa na masu zuwa coci, ana ɗaukar blues kiɗan shaiɗan ne, kiɗan mashaya da daren Asabar. Wata 'yar ta fi son a tuna mahaifinta a matsayin dattijon coci da ya ciyar da 'ya'ya tara, ba mai jita ba. Bahaushe ya san irin wannan nauyin da wasu 'ya'yan makaɗa ke ji game da sana'ar gidansu. A saurare ta da girmamawa, a tambaye ta abin da take son a faɗa. Sau da yawa idan ta ga an ba wa ɓangaren rayuwarsa na gida da ibada muhimmanci, da kanta za ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado.

Takardu, da dalilin da ya sa suke saɓa wa juna

A fara da sunan yanka. Muddy Waters sunansa McKinley Morganfield, Howlin' Wolf kuma Chester Arthur Burnett, kuma babu ofishin da zai fito maka da takarda da laƙabi. Wani lokacin ma laƙabi ɗaya mutum biyu ne ke amsa shi: akwai Sonny Boy Williamson da aka kashe a Shikago a 1948, akwai kuma Aleck Miller da ya ɗauki sunan, ya rasu a Helena a watan Mayun 1965.

Jihar Misisipi ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta bai ɗaya ba sai a Nuwamban 1912. Wanda aka haifa kafin nan ba shi da takardar haihuwa, sai a bi wasu hanyoyi. Ƙidayar jama'a ta Amurka ana yin ta duk shekara 10, ana kuma sakin sunaye bayan shekara 72, don haka ta 1950 ta fito a 2022. Ta 1890 akasarinta ta lalace a gobarar 1921. Ta 1900 ita ce mai daraja, domin tana ɗauke da wata da shekarar haihuwa. Sai katin rajistar shiga soja na 1917 zuwa 1918, da na Afrilun 1942 wanda ya haɗa da maza 'yan shekara 45 zuwa 64. Akwai kuma takardar neman lambar inshorar tsufa, wadda mutum da kansa yake faɗin sunan iyayensa, sai dai 'yan ƙodagon gona ba su shiga tsarin ba sai a shekarun 1950, don haka kada a yi mamaki idan ba a samu ba. Takardar aure tana kotun gunduma. Shafin farko na Littafi Mai Tsarki na gida, inda iyaye ke rubuta haihuwa da mutuwa, yakan fi su duka.

Za a tarar da saɓani, kuma ba laifin kowa ba ne. Ma'aikacin ƙidaya yana rubuta abin da wanda ya tarar a ƙofa ya faɗa masa. Takardar mutuwa kuwa maƙwabci ko mai gona ne yakan ba da bayanin, ba tare da ya san shekarun mamacin ba. Shi kansa John Hurt ana kawo masa ranar haihuwa biyu: 8 ga Maris 1892 da 3 ga Yulin 1893. Ƙa'idar ita ce takardar da ta fi kusa da lokacin da abin ya faru, wadda kuma mai ba da bayanin ya fi kusanci da shi, ita ake fifitawa. Takardar mutuwa hujja ce mai ƙarfi a kan ranar mutuwa da maƙabarta, amma mai rauni ce a kan ranar haihuwa. A buɗe littafi guda, kowace magana a rubuta ta da inda aka samo ta. Inda hujja biyu suka yi kunnen doki, a kawo su duka.

Hira da waɗanda suka san shi

A jera sunaye bisa shekaru, a fara da mafi tsufa. A nemi mata musamman: matarsa, ƙannensa, 'ya'yansa mata, matar da take soya kifi a gidan rawar da yake kiɗa. Masu bincike na farko sun fi bin maza makaɗa, shi ya sa muka san yadda mawaƙi ke riƙe jita amma ba mu san abin da yake ci ba ko yadda yake da 'ya'yansa.

Na'urar ɗaukar murya ƙarama ta isa, ko waya mai makirufo na waje. A ajiye makirufo kamar santimita 15 zuwa 20 daga baki, a kashe fanka da talabijin, a nisanci firji. A ɗauka da tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Kafin tambayar farko a faɗi rana, da wuri, da sunan mai magana, a kuma ɗauki yardarsa da bakinsa. Zama ɗaya kada ya wuce minti 60 zuwa 90. Zuwa uku gajeru sun fi zuwa ɗaya mai tsawo, domin tsoho yakan kwana yana tunani, ya tashi da abin da bai tuna jiya ba. A yi hira da mutum ɗaya-ɗaya, don idan an haɗa su mai ƙarfin murya ne zai rinjayi sauran.

Tambayar da ta ƙunshi amsa a cikinta guba ce. Kada a ce, “Gaskiya ne ya koyi jita a wurin wane?” A ce, “Yaushe kika fara ganinsa da jita, kuma wa ke tare da shi?” Shekara ba ta zama a kan tsofaffi, amma aukuwa tana zama: kafin babbar ambaliyar 1927 ne ko bayanta, kafin ya tafi soja ne, wane yaro ake goyo a lokacin. Bayan kowane labari a tambaya a hankali: da idonki kika gani, ko wa ya faɗa miki?

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ke raba tarihi da almara. Labarin nan na sayar da rai ga shaiɗan a mararrabar hanya, wanda duniya ta liƙa wa Robert Johnson, a kan Tommy Johnson ne ɗan'uwansa LeDell ya ba da shi. An kuma daɗe ana cewa Bessie Smith ta mutu ne don asibitin fararen fata ya ƙi karɓar ta bayan haɗarin mota. Binciken da aka yi daga baya ya nuna asibitin baƙar fata na Clarksdale aka kai ta, a can ta cika. Wariyar launin fata ta wancan zamani gaskiya ce mai ɗaci, ba ta buƙatar a ƙara mata abin da bai faru ba. Almarar ma a ɗauke ta, a ajiye, amma a rubuta a kanta cewa almara ce.

Ceto sautin

Nan ne aka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma yawanci mai kyakkyawar niyya ne ke yin ta. Kafin a kunna komai, a ba kowane abu lamba, a ɗauki hoton gaba da baya da duk rubutun da ke jikin kwali.

Kaset shi ne aka fi samu a gidaje. A fara ɓalle 'yan haƙoran roba biyu da ke samansa, don kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka ya goge. A leƙa tsakiyar bakinsa: akwai ɗan matashin ulu da ke danna zare a jikin kan na'ura. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma idan babu shi sauti zai fito a dushe yana rawa. Ana manna wani, ko a kwance kaset ɗin a mai da zaren cikin sabon gida mai sukurori. Idan an ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce. Kada a saka shi a na'ura, zai shafa wa duk wanda ya biyo baya, kuma shaƙarsa na cutarwa. A ware shi a leda a kai wa gwani.

A nemi babbar na'urar kaset ta tebur wadda aka sake wa bel, ba 'yar ƙaramar nan mai arha da ake haɗawa da kwamfuta ba, domin irin waɗannan gudunsu ba ya tsayawa daidai kuma suna cin zare. A goge kan na'urar da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 99, a bari ya bushe. A tura kaset gaba har ƙarshe, a dawo da shi, don zaren ya saki jiki. Mai minti 120 zarensa siriri ne ƙwarai, a lallaɓa shi.

Sai aikin da mutane da yawa ke tsallakewa. A gefen kan na'ura akwai ɗan sukuru da ke daidaita karkatarsa. Kowane kaset da irin karkatar na'urar da ta ɗauke shi. A haɗe sautin hagu da dama ya zama ɗaya, a sa abin ji a kunne, a juya sukurun kaɗan-kaɗan, bai fi rubu'in zagaye ba ta kowane gefe, har a ji ƙarar tsirkiya da harafin “s” sun fito tas. Bambancin yakan yi kamar an cire bargo daga kan lasifika. Abin da ba a kamo a wannan mataki ba, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa. Amma idan an ɗauka da rikoda mai batir da ya fara sanyi, zaren ya tafi a hankali a lokacin, don haka yanzu murya za ta fito da sauri, siririya. Idan akwai gurnanin lantarki a cikin ɗaukar, shi ne ma'auni: a Amurka yana kaɗawa sau 60 ne a daƙiƙa, a Najeriya da Nijar 50. Idan manhaja ta nuna gurnanin ya kauce daga nan, an san yawan gyaran da za a yi. Gyaran kuma a kwafi ake yin sa, ba a uwar ɗauka ba.

A shigar da sautin kwamfuta ta na'urar sauti ta waje. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. Ma'aunin da gidajen adana sauti ke bi shi ne WAV mai 96 kHz da 24 bit, mafi ƙaranci 48 kHz. A saita ƙarfi yadda mafi tsananin ƙara ba zai wuce 6 dB ƙasa da iyaka ba, domin sautin da ya bugi iyaka ya fashe ke nan. Awa ɗaya a 96 kHz tana cin kusan gigabait 2, don haka kaset 100 masu minti 90 za su ci kusan gigabait 300. A ɗauki fuska guda daga farko har ƙarshe ba yankewa, har da tari, da kukan kaza, da hirar da ke tsakanin waƙoƙi. Sau da yawa a wannan hirar ce yake faɗin wanda ya koya masa waƙar. Wannan fayil shi ne uwa, ba a share masa shuu, ba a ƙara masa komai. Daga jikinsa ake fitar da MP3 na saurare.

Faifan garmaho mai juyi 78 a minti wata duniya ce daban. Da ƙaro ake yin sa, kuma sifirit yana narkar da shi nan take, don haka ruwan da aka tace da ɗigon sabulun ruwa marar ƙarfi da burushi mai laushi kaɗai ake sa masa, a kare takardar tsakiya, a bari ya kwana ya bushe. Layinsa ya fi na faifan zamani faɗi: yana son allura mai kaurin mil 2.5 zuwa 3 (mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci), ta faifan zamani kuwa 0.7 ce, tana nutsewa ƙasan layi ta kwaso ƙara zalla. Kada a ɗora shi a tsohon garmaho mai allurar ƙarfe, kowane juyi yana cin sa. A rubuta lambar da aka tona kusa da takardar tsakiya, ita ke nuna ranar ɗauka da ko karo na nawa ne. Kuma kada a raina faifai don ya tsage ko ya goge. Kamfanin Paramount, wanda ya ɗauki Charley Patton da Skip James, kusan duk ainihin faya-fayansa na ƙarfe sun salwanta, har akwai waƙoƙin da kwafi ɗaya ko biyu kawai aka sani a duniya.

Idan an tarar da faifai mai ƙarfe ko gilashi a ciki da baƙin shafe a sama, irin wanda ake yankawa kai tsaye, wannan ba shi da na biyu. Da irinsa masu tattara waƙoƙin gargajiya Alan Lomax da John Work suka ɗauki Muddy Waters a gonar Stovall a 1941. Shafen yakan fitar da farin maiƙo, ya tsattsage, ya ɓare. Kada a wanke, kada a gwada kunnawa. Haka babban tef mai naɗi na situdiyo: na shekarun 1970 da 1980 yakan yi danƙo ya riƙa ƙara yana barin baƙin datti a na'ura. Gwanaye suna gasa shi a digiri 50 zuwa 54 na ma'aunin Celsius na awoyi a tanda ta musamman, ya yi lafiya na 'yan makonni a kwafe. Amma tsohon tef na asitet, wanda haske ke ratsa naɗinsa idan an ɗaga shi, wani lokaci yana warin tsami, zafi kashe shi yake yi. Waɗannan biyun aikin gwani ne.

Bayan an kwafe, ba a zubar da na asali. A jera su a tsaye, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, nesa da rufin kwano da ƙasan bene. Duk wannan bayani haka yake ga mai kaset ɗin Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos a cikin kwali, sai ma ƙarin ƙurar hunturu da laimar damina da gara.

Jitarsa

Kada a kai ta wurin gyara, kada a sake tsirkiya, kada a goge. Da farko a auna muryar kowace tsirkiya a rubuta, domin ɗaurin da ya bari shi ne mabuɗin kiɗansa. Da yawansu ba sa bin ɗaurin makaranta. Akwai wanda suke kira Spanish, wato D G D G B D (kowane harafi muryar tsirkiya ɗaya ce), da Vestapol, wato D A D F# A D. A ɗauki hoton wuraren da yatsu suka cinye a wuyan jitar, suna nuna inda hannunsa ya fi zama. A duba cikin akwati: wuyan kwalba ko wuƙar da yake gogawa a tsirkiya, da takardun jerin waƙoƙi, da rasit. Abin da ya yi kama da lalacewa wataƙila da gangan ne. Big Joe Williams da kansa ya ƙara wa jitarsa tsirkiya ta zama tara. Bayan an gama rubutawa a sassauta tsirkiyoyin kaɗan, a ajiye ta a akwatinta inda laima take kashi 45 zuwa 55, don bushewa tana tsaga katako, laima kuma tana sakin gam.

Kabari

Kafa dutse mai suna a kan kabari al'adar mutanen can ce da cocinsu, kuma rashinsa ciwo ne ga iyali, don alama ce ta talaucin da mutum ya mutu a ciki. Akwai ƙungiyoyin da suka ƙware a wannan, kamar Mt. Zion Memorial Fund da aka kafa a 1989, da Killer Blues Headstone Project. Tuntuɓarsu ta fi a fara daga babu.

A tabbatar da wurin tukuna. Takardar mutuwa tana faɗin maƙabarta da mai kula da jana'iza, littafin gidan jana'izar yakan faɗi layi, takardar shirin jana'iza da ake rabawa a coci tana taimakawa, sai kuma wanda ya tsaya a bakin ramin. Gaggawa ce ta sa yau Robert Johnson yake da alama a maƙabartu uku a kewayen Greenwood. Idan an san maƙabarta amma ba a san gurbin ba, a rubuta a dutsen cewa yana kwance a cikin wannan maƙabarta, kada a nuna wuri da ka.

Ana buƙatar izini biyu a rubuce: na magaji da na dattawan cocin da ke da filin. Sabon kabari a ba shi wata 6 zuwa shekara ƙasa ta zauna, musamman a laka mai laushi ta bakin kogin Misisipi, a kuma zuba gindin kankare, in ba haka ba dutsen zai karkata cikin 'yan shekaru. Dutsen giranit ya fi marmara jure ruwa. Idan mamacin ya yi soja, ma'aikatar tsofaffin sojoji ta Amurka tana ba da dutse kyauta ga kabarin da ba shi da alama.

Kafin a sassaƙa, mutum uku su karanta rubutun harafi-harafi, ɗaya daga cikinsu ɗan gida. Dutsen farko na mawaƙin blues Fred McDowell an yi kuskuren rubuta sunansa, sai a 1993 aka sake wani da taimakon mawaƙiya Bonnie Raitt. Na Aleck Miller a Tutwiler yana ɗauke da ranar mutuwar da ba daidai ba. Hoton jita ko baitin waƙa sai da yardar iyali. Tsohon dutse kuma ruwa da burushi mai laushi kawai yake so, bilic da burushin ƙarfe suna cinye rubutun.

Haƙƙin kuɗi

Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara ta, da na ɗaukar da aka yi. Mallakar kaset ba mallakar ko ɗaya daga cikinsu ba ce. A taimaki magada su bincika ko sunansa yana rajista a BMI ko ASCAP, ƙungiyoyin da ke karɓar wa masu tsara waƙa kuɗinsu, su kuma yi rajista a SoundExchange, wadda ke biyan kuɗin waƙoƙin da aka sa a rediyon intanet da na tauraron ɗan'adam, har ga magada idan sun kawo takardar gado. A dokar Amurka ta 2018, ɗaukar da aka fitar daga 1923 zuwa 1946 tana da kariyar shekara 100, don haka waƙoƙin John Hurt da aka fitar a 1928 sai a farkon 2029 za su zama na kowa. Kada magaji ya sa hannu a takardar sayar da haƙƙi gaba ɗaya sai lauya ya karanta. An cuci mutanen nan da ransu: Arthur Crudup, wanda Elvis Presley ya rera waƙoƙinsa, ya rasu a 1974 yana bin kuɗinsa. Duk faifan tunawa ko taron da za a karɓi kuɗi, a rubuta kason iyali tun kafin a sayar da tikiti ɗaya.

Taron, da inda kwafi zai zauna

A yi taron a garinsu, a ranar da iyali suka zaɓa. B.B. King ma, bayan an ratsa da gawarsa titin Beale na Memphis a Mayun 2015, Indianola aka mai da shi. A fara ba iyali magana, sannan makaɗan da suka zauna da shi su nuna yadda yake kaɗawa a hankali, yadda babban yatsa ke riƙe bugu sauran yatsu na fitar da waƙa, a ɗauki hannayensu da kyamara daga kusa. A sa muryarsa shi kansa, waƙa cikakkiya, ba mai magana a kai.

Mai shirya wa masu sauraron Hausa shirin rediyo zai iya sa goge ko molo kusa da waƙar, kunne zai ji dangantakar. Masanin kiɗa Gerhard Kubik ya danganta siffofi da dama na blues da yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Najeriya zuwa arewacin Kamaru, kuma kiɗan Ali Farka Touré, wanda ya rasu a 2006, gada ce mai kyau. Sai dai a faɗi gaskiya: blues a kudancin Amurka aka haife shi, daga wahalar mutanen can.

Fayiloli su zama kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gari. Ɗaya na iyali ne, da hotuna da hirarraki duka. Ɗaya a ba gidan adana tarihi mai ma'aikata da kariyar gobara, kamar sashen adana blues na Jami'ar Misisipi da ke Oxford, ko cibiyar al'adun gargajiya ta Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, a rubuta a takardar miƙawa cewa haƙƙin mallaka yana hannun magada. Ainihin hotuna da takardu su tafi can, a rataye kwafinsu a gidan tarihin ƙauye. A fitar wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA-256, wadda ke nuna ko fayil ya lalace, a ajiye tare da shi, a sake gwadawa sau ɗaya a shekara, ranar taron ta fi sauƙin tunawa. Ma'ajin kwamfuta a sauya shi duk shekara 5 ko da bai nuna alamar ciwo ba, a kuma rubuta sunan mutum na biyu da ya san inda komai yake da kalmar sirrin buɗe shi.